Ƙwaya A Hannu, Tukunya A Kife: Halin Tsofaffin Baƙar Fatar Amurka

Duk wanda ya saba jin labarin Amurka daga bakin masu yi mata kirari zai ɗauka cewa tsufa a can hutu ne, likita a kusa, magani a wadace, abinci har ana zubarwa. Ba mu musa cewa akwai masu wannan daula ba. Amma a cikin ƙasar akwai wata al'umma da halin da take ciki ya cancanci mu tsaya mu dube shi da idon basira, watau tsofaffin baƙar fata, jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka aka bautar, musamman waɗanda ke zaune su kaɗai a gidajensu, suna yi wa kansu cefane da girki, suna kuma ƙirga wa kansu ƙwayoyin magani safe da yamma. Abin da muke son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, maganin da waɗannan dattawa ke sha da abincin da suke ci al'amari guda ne, amma tsarin lafiyar ƙasar ya raba shi biyu, ya ɗauki nauyin ɓangare ɗaya ya yi ko-in-kula da ɗayan, sa'an nan in abu ya ɓaci a ce tsohon ne ba ya jin magana.

Mu ƙaddara wata dattijuwa 'yar shekara 80. An haife ta a karkarar Misisifi, iyayenta suka taso da ita zuwa Shikago a cikin babbar ƙaurar nan da ta kwashi baƙar fata wajen miliyan 6 daga kudancin ƙasar zuwa biranen arewa da yamma, wadda ta ƙare wajejen 1970. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watsu wasu jihohi neman abinci. Irinta suna da yawa, domin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Amurkawan da suka kai shekara 65 su kaɗai suke zaune. Tana da hawan jini, kamar fiye da rabin manyan baƙar fatar ƙasar. Tana da ciwon sukari, ga ciwon gwiwa, ga bugun zuciya da ba ya tafiya daidai. Kowace cuta da likitanta, kowane likita da takardarsa. A ƙididdigar 2011 zuwa 2012, kusan mutum 4 cikin 10 na tsofaffin Amurka suna shan magani iri 5 ko fiye wanda likita ya rubuta, ban da na kanti da mutum ke saya da kansa. To, mu ɗauki kwalaben da ke kan teburin wannan baiwar Allah ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko akwai wadda ba ta da sharaɗi a kan tukunya.

An ba ta wafarin, maganin da ke hana jini daskarewa domin kada ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wannan magani yana aiki ne ta hanyar dakushe bitamin K, alhali kuwa ganyen kolad, ɗan'uwan kabeji, da ganyen tanif da makamantansu, waɗanda su ne darajar akushin mutanen kudu, cike suke da bitamin K. In ta ci da yawa a wannan mako maganin ya yi rauni, in ta daina ci kwatsam ya yi ƙarfi har ya kai ga zubar jini. Abin da masana ke cewa shi ne ta ci gaba da cin ganyenta daidai gwargwado, kada ta ƙara kada ta rage ba da sanin likita ba. Amma bayani irin wannan yana son zama da natsuwa, kuma abin da ya fi sauƙin faɗa a gurguje shi ne a bar ganye. Da haka sai a raba tsohuwa da abu mafi amfani a cikin abincinta.

An ba ta lisinofiril saboda hawan jini da kare ƙoda, an kuma ce ta rage gishiri. Ita kuwa da kyakkyawar niyya sai ta sayo gishirin kanti da aka rubuta cewa madadin gishiri ne, ba ta san fotashiyam ne a ciki ba, shi kuma wannan magani yana sa fotashiyam ya taru a jini, in ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya. An ba ta simbastatin saboda kitsen jini, shi kuma ba ya jituwa da ruwan garehul, wanda ke hana jiki narkar da maganin har ya taru ya wuce kima. An ba ta metfomin saboda sukari, wanda shan sa shekara da shekaru kan rage bitamin B12, rashinsa kuwa yana kawo mutuwar ƙafa da mantuwa, sai a ce ai tsufa ne. Ciwon gwiwa ya dame ta, ta sayi ibufurofen a kanti ba tare da takarda ba, shi kuma yana tayar da hawan jini yana cin ƙoda, a cikin al'ummar da ciwon ƙoda mai kai wa ga wankin jini ya ninka na fararen fata wajen sau 3.

Mafi haɗari duka shi ne allurar insulin da ƙwayoyin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin. Waɗannan an auna su ne a kan cewa mai shan su zai ci abinci a kan lokaci. In an sha ba a ci ba, sukarin jini ya faɗi, sai jiri, sai gumi, sai ruɗewa, sai suma, kuma wanda ya suma shi kaɗai a ɗaki ba shi da mai yayyafa masa ruwa. A 2014 Dokta Hilary Seligman da abokan aikinta suka buga wani bincike a kan asibitocin Kalifoniya, inda suka gano cewa a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi, yawan waɗanda ake kwantarwa saboda faɗuwar sukari yana ƙaruwa da kashi 27 cikin 100 a makon ƙarshe na wata idan aka kwatanta da makon farko, alhali ba a ga irin wannan tashi ga masu hali ba. Ma'anar wannan a fili take. Kuɗin cefane ya ƙare, magani bai ƙare ba. Tsohon ya bi umarnin likita sau da ƙafa, bin umarnin ne ma ya kai shi gadon asibiti.

A nan ne masu ɗora laifi kan ce, ai matsalar tana cikin abincin gargajiyar baƙar fata, soyayyen kaza da naman alade da gishiri da ruwan zaƙi. Ba za mu ɓoye cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganar ba. Babban binciken nan da ake kira REGARDS, wanda ya bi sawun mutum sama da 30,000 da aka ɗauka tsakanin 2003 da 2007, ya nuna a 2018 cewa salon cin abincin kudu, watau soye-soye da sarrafaffen nama da kayan ciki da abin sha mai sukari, shi ne babban abin da ke bayyana ratar kamuwa da hawan jini tsakanin baƙi da fari, wajen rabin ratar a maza, kusan kashi 30 cikin 100 a mata. Wanda ke son waɗannan dattawa da alheri ba zai rufe ido a kan wannan ba.

Amma mu tambaya, wane ne ya zuba gishirin? Abin da kakanninsu suka sani daga Afirka ta Yamma shi ne wake da kuɓewa da riɗi da shinkafa da ganyaye, abincin da kowane mai karatunmu ya san shi a gidansu. Garin masara da naman alade mai gishiri kuwa rabon mako ne da masu gona ke auna wa bayi. Kuma ko bayan haka, akushin yau da kullum na manomin kudu wake ne da ganye da dankali da burodin masara, soyayyen kaza na ranar Lahadi ne da ranar biki. Abin da dattijuwarmu ke ci a yau ma ba wannan ba ne. Wadda gwiwa ba ta barin ta tsayuwa a gaban murhu, wadda babu kantin ɗanyen kaya a unguwarsu, wadda ba ta tuƙi, miyar gwangwani take buɗewa da taliyar leda da yankakken nama na kanti. Hukumomin lafiyar ƙasar da kansu sun ce fiye da kashi 70 cikin 100 na sodiyam da Ba'amurke ke ci daga abincin kamfani da na gidajen abinci yake zuwa, kuma matsakaicin mutum yana cin wajen miligiram 3,400 a rana alhali iyakar da aka shata 2,300 ce. Wanda ya tasa tsohuwa gaba da faɗa a kan ɗan gishirin da ta barbaɗa da hannunta ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma masu cewa abin a jini yake, halitta ce. Wannan ma an gwada shi. A 1997 Dokta Richard Cooper da abokan aikinsa suka auna mutanen da asalinsu ɗaya ne a wurare dabam-dabam, suka sami hawan jini a kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka auna a Nijeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Jini ɗaya, zama dabam. A cikin shekarar nan dai aka buga sakamakon gwajin da ake kira DASH, inda aka ɗora mutum 459, wajen kashi 60 cikin 100 baƙar fata, a kan tsarin abinci na mako 8. Waɗanda aka ba abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da nono maras maiƙo, in suna da hawan jini, awonsu na sama ya sauka da wajen maki 11, daidai da aikin ƙwayar magani, kuma saukar ta fi yawa a baƙar fata. Sai dai akwai abin da masu ambaton wannan gwaji kan manta, mu kuwa a ganinmu shi ne zuciyar maganar. Ba takardar nasiha aka ba waɗannan mutane ba. Dafa abincin aka yi aka ba su.

To, me gwamnati ke biya? Shirin inshorar lafiyar tsofaffi, Medicare, Shugaba Lyndon Johnson ya sa masa hannu a 1965, amma sai a 2006 ya fara ɗaukar nauyin maganin da ake sha a gida. Ko a sa'an nan an bar wani giɓi a tsakiyar shekara da mutum zai koma biya daga aljihunsa, inda tsofaffi suka riƙa raba ƙwaya biyu ko tsallake rana domin kwalba ta kai ƙarshen wata. Adalci ne mu faɗa cewa an gyara da yawa. Dokar 2022 ta ƙayyade kuɗin insulin ga masu Medicare a kan dala 35 a wata daga 2023, kuma a 2025 aka sa iyakar dala 2,000 a shekara ga abin da mutum zai biya na magani. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Amma ainihin shirin na gwamnati ba ya biyan gyaran haƙori na yau da kullum, ba ya biyan haƙoran roba, ba ya biyan tabarau sai a wasu 'yan halaye, ba ya biyan na'urar ji. Yana biyan zama da masanin abinci ga mai sukari ko mai ciwon ƙoda, ba ya biyan abincin da masanin ya ce a ci. Wasu tsare-tsaren da kamfanonin inshora ke gudanarwa a ƙarƙashin shirin suna ɗan taɓa waɗannan abubuwa, kowanne da iyakarsa. Sai mu yi tunani: an ce ta ci ɗanyen ganye da tuffa, ba ta da haƙorin tauna. An ce ta karanta rubutun jikin kwalba, idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. An yi mata bayani a kantin magani, kunnenta ya kama rabi. Kada kuma a manta cewa wanda ya fara karatu a kudu kafin hukuncin kotun ƙoli na 1954, kai, har shekaru bayansa, makarantar wariya ya yi, wadda aka tauye da gangan.

Ba a ce babu tallafin abinci ba. A 1972 aka ƙara shirin ciyarwa a cikin dokar tsofaffi ta 1965, inda ake dafa wa dattawa abinci su ci tare a cibiyoyin unguwa, daga baya aka haɗa da kai wa marasa fita har gida, aikin da ƙungiyoyin Meals on Wheels suka fara a Filadalfiya tun 1954. Amma abinci ɗaya ne a rana, galibi kwana biyar a mako, kuma a garuruwa da dama sai an shiga layin jira. Tallafin cefane na SNAP kuwa, a shekarun 2010 ƙasa da rabin tsofaffin da suka cancanta ne ke karɓa, wasu don wahalar cike takardu, wasu don kunya, wasu don an gaya musu mafi ƙarancin abin da ake bayarwa, wanda a 2024 dala 23 ne a wata. Ƙasar da za ta biya dubban daloli don kwanan mutum ɗaya a asibiti tana ƙyashin kuɗin abincin daren da zai hana shi zuwa.

Sa'an nan ga maganar yarda. Likitoci kan koka cewa tsofaffin baƙar fata ba sa faɗin gaskiyar abin da suke sha, suna ajiye ƙwaya su koma ga tsami da tafarnuwa da jiƙe-jiƙen da suka gada. Mu ba mu goyon bayan a bar maganin hawan jini a kama ruwan tsami, wannan ganganci ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar gwamnatin Amurka ta bi sawun baƙar fata 600 a yankin Tuskegee na jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, aka ɓoye musu sunan cutarsu, aka hana su fenisilin bayan an tabbatar yana warkarwa, domin kawai a ga yadda cutar ke cin mutum. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Asibitocin kudu kuwa ba su daina ware baƙi da fari ba sai wajejen 1966, da aka ce wanda bai daina ba ba zai ga kuɗin Medicare ba. Mai shekara 80 a yau ba a littafi ya karanta wannan ba, da idonsa ya ga ƙofar baya. In irin wannan mutum ya shiga ɗakin likita ya ce komai lafiya lau, sa'an nan ya koma gida ya yi abin da ya ga dama, ba jahilci ne ke aiki ba.

Abin lura shi ne, duk inda aka kai magani wurin da mutane ke zaune da waɗanda suka amince da su, an ga biyan buƙata. A 2018 aka buga gwajin da Dokta Ronald Victor ya jagoranta a shagunan aski 52 na baƙar fata a yankin Los Anjalis, inda masana haɗa magani suka riƙa zuwa shagon suna auna masu aski suna daidaita musu ƙwayoyi. Cikin wata 6 awon sama ya sauka da maki 27, alhali waɗanda aka bar su da nasihar wanzami kaɗai maki 9 suka samu. A shekarar dai aka buga wani gwajin a majami'u 32 na birnin Niyok ƙarƙashin Dokta Gbenga Ogedegbe, ɗan asalin Nijeriya, inda 'yan majami'ar da aka horar suka riƙa zama da 'yan'uwansu a kan ci da motsa jiki, aka sami ƙarin sauka na kusan maki 6. A 2019 kuma wani bincike a jihar Masacusets ya nuna cewa marasa lafiyar da ake kai wa abincin da aka tsara daidai da cutarsu sun rage kwanciya asibiti da kusan rabi. Kishiyar wannan ita ce abin da Shikago ta gani a zafin Yulin 1995, lokacin da mutum sama da 700 suka mutu cikin 'yan kwanaki, akasarinsu tsofaffi, da yawa baƙar fata, da yawa a bayan ƙofar da suka kulle da kansu. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya nuna a littafinsa na 2002 cewa unguwannin da ke da kantuna da zirga-zirga da maƙwabta masu leƙa juna sun fi tsira, ko da talaucinsu ya yi kusa da na maƙwabtansu.

A cikin waɗannan dattawa akwai Musulmi, kuma nasu yana da ƙarin sarƙaƙiya. Da yawa sun fara ne ta ƙungiyar Elijah Muhammad kafin ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja akasarin jama'ar zuwa ga Musuluncin da duniya ta sani daga 1975. Littafin Elijah na 1967 a kan abinci ya raba mabiyansa da naman alade, amma ya kuma hore su da ci sau ɗaya a rana, ya kushe musu kolad da dankali da waken gargajiyarsu. Wanda ya tsufa da al'adar ci sau ɗaya, sa'an nan aka ɗora shi a kan insulin, yana cikin haɗarin da muka bayyana a sama. Haka nan azumin Ramalana: mai shan ƙwayar fitar da ruwa ko ta sukari yana buƙatar a sauya masa lokaci da awo tun kafin wata ya kama, wani ma hukuncinsa shi ne ya sha ya ciyar, kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa wa tsoho da majinyaci. Likitan da bai san majinyacinsa na azumi ba ba zai tambaya ba, dattijon da ke tsoron a hana shi ba zai faɗa ba. Wannan nauyi ne a wuyan limamai da kwamitocin masallatan can, har da 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ƙaura suke salla sahu ɗaya da su.

Abin da muke ganin ya wajaba bai fi ƙarfin kowa ba. Kada likita ya rubuta wa tsoho mai zaman kaɗaici insulin ko wafarin sai ya tambaye shi wa ke dafa masa, sau nawa yake ci, kuma yaya tukunyarsa take a makon ƙarshe na wata. Sau ɗaya a shekara, ko duk lokacin da aka sallamo shi daga asibiti, a tattara duk abin da yake sha a jaka guda, na likita da na kanti da na gargajiya, a zube a gaban mai haɗa magani a tace. Tun 1991 Dokta Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da haɗarinsu ga tsoho kan fi amfaninsu, ana kuma sabunta jerin, kamar wanda ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar ta fitar a 2023, saboda haka wani lokaci taimakon da ya fi shi ne a rage kwalba ɗaya. A sa haƙori da tabarau da abincin majinyaci cikin abin da inshorar gwamnati ke biya. Shi kuma ɗa ko maƙwabci ko ɗan kwamitin unguwa da ya je gaisuwa, kada ya tsaya ga tambayar ko an sha magani, domin amsar kullum i ce. Ya nemi izini ya buɗe firiji ya ga abin da ke ciki, ya duba ranar da aka sayo kwalba ya ƙirga abin da ya saura, in lokacin ci ya yi kuma ya ja kujera su ci tare.